Yadda muka haɗa kayan rabo, katin zama da adon biki da hannu a Zariya

Kafin a sayi ko ƙyalle ɗaya, lissafin mutane muka fara yi. Hol ɗin da aka kama na mutum 300 ne, tebura masu zagaye 30, kowanne da kujeru 10. Amma duk wanda ya san bikin Zariya ya san katin gayyata ɗaya ba mutum ɗaya yake kawowa ba. Mace za ta zo da ƙanwarta, da 'yar riƙonta, wani lokacin har da maƙwabciya. Don haka muka tsayar da kayan rabo 330, wato ƙarin kashi goma cikin ɗari, kuma a kan wannan adadin aka auna yadi, kwali, igiya da kwalabe. Abu na biyu da muka duba shi ne lokaci. Bikin a watan Janairu ya faɗo, tsakiyar hunturu, kuma ƙura da bushewar iska su ne suka yanke mana irin fentin da za a shafa da irin gam ɗin da za a guje wa.

Ƙa'idarmu ita ce a yi samfuri ɗaya cikakke, a duba agogo, sannan a ninka. Jakar rabo ɗaya, daga yanka zuwa ɗinki, zura igiya, zuba kaya da ɗaura 'yar takarda, tana cin kusan minti 10. Sau 330 ya kama awa 55. Mutum biyar da ke zama awa biyu bayan la'asar za su gama cikin kwana shida, in babu abin da ya gifta, kuma kullum sai wani abu ya gifta. Yawancin aikin hannu da ke lalacewa a biki ba rashin iyawa ke kashe shi ba. Samfurin ne aka zaɓa mai kyau amma mai cin minti 25, ba a ninka ba, sai a wayi gari ana saura kwana biyu ana liƙa abubuwa da gam cikin dare.

Jakunkunan da atamfa muka yi su. Turmi yadi 6 ne, faɗinsa kusan inci 45. Kowace jaka na buƙatar ƙyalle mai inci 7 a faɗi da inci 12 a tsawo, a ninke shi biyu, a ɗinke gefuna biyu, a lanƙwasa baki inci ɗaya don hanyar igiya. Yadi ɗaya yana ba da 18, don haka yadi 19 ya wadatar da 330 har da 'yan rara. Mun yanka kwali mai kauri daidai wannan girman ya zama ma'auni, ana ɗora shi a kan ninki huɗu na atamfa a zana da alli a yanke gaba ɗaya. In aka wuce ninki huɗu almakashi yana tura na ƙasa, sai jakunkuna su fito wata ta fi wata. Wajen zaɓen zane, a nemi mai ƙananan furanni ko mai ɗigo-ɗigo. Atamfa mai manyan zane tana da kyau a jiki, amma in aka yanka ta inci 7 sai wata jaka ta fito da rabin ganye, wata kuma fili kawai babu komai. Kuma kada a yi amfani da ainihin ankon biki sai da izinin uwar amarya, domin akwai gidajen da ba sa son a ga zanen anko kafin ranar.

Kuskuren da teloli ke yawan yi a nan shi ne su ɗinke gefe har sama, su toshe hanyar igiya. A gaya wa tela tun farko ya tsaya inci ɗaya da rabi kafin baki a gefe guda, ya mayar da ɗinki baya sau biyu a wurin, saboda nan ne ake ja kuma nan ne ke fara yagewa. Igiya rabin yadi ga kowace jaka, jimla yadi 165. Ribon na roba yana warwarewa a baki, sai an ɗan nuna wa bakinsa wutar kyandir ya narke ya kame. Igiyar auduga ba ta narkewa, ƙonewa take yi, ita ƙulli ake yi mata. Da fil mai kulle ake zura igiyar, kuma aiki ne da yara 'yan makaranta ke iya yi da kyau in an nuna musu sau ɗaya.

Abin da za a zuba ciki ya fi jakar kanta buƙatar tunani. An zaɓi turaren wuta da 'yar kwalbar humra ga mata, dabino da cincin ga teburan maza da na yara. Ba mu haɗa su a jaka ɗaya ba, kuma ba ma ba kowa shawarar ya haɗa. Ƙamshin turaren wuta yana ratsa leda komai ɗaurinta, kwana biyu kawai dabino zai koma ɗanɗanon turare, babu mai iya ci. Ko wajen ajiya ɗaki daban muka ba su.

Turaren wuta da awo muka saya daga masu haɗawa, muka rarraba da kanmu. Giram 20 ga mutum ɗaya ya isa a turara ɗaki sau da yawa, jaka 200 sun ci kilo 4. Da ƙaramin sikeli ake aunawa, ba da cokali ba, domin turaren da aka haɗa da sukari da turaren mai yana dunƙulewa, cokali ɗaya ya fi wani nauyi, kafin a kai jaka ta 150 sai a ga ya ƙare. A ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi ake zubawa. In a leda aka ƙulle shi kai tsaye, man yana tsatsafowa ya yi tabo a atamfa, ya kuma narkar da tawadar 'yar takardar da aka ɗaura. Humra kuwa kwalabe masu cin mililita 6 muka samu, 200 sun ci lita ɗaya da mililita 200. Da sirinji mara allura ake ɗurawa, a bar ɗan sarari a wuya. A tabbatar kowace kwalba tana da toshin ciki kafin murfi, sannan a kwantar da su a kan farar takarda su kwana. Wadda ta bar tabo da safe a ware ta. Humra mai kauri ce, sai ana girgiza babbar kwalbar lokaci-lokaci, in ba haka ba na farko su samu ruwa-ruwa, na ƙarshe su samu laka.

Dabino a ɓare guda goma daga wurare daban-daban na buhu kafin a biya kuɗi. In an ga gari-gari baƙi kusa da ƙwallo, ƙwaro ya shiga, a bar shi. Biyar-biyar muka ƙulla. Cincin kwana uku kafin biki aka soya, aka baza a faranti ya huce sarai kafin a rufe. Wanda aka ƙulle da ɗumi yana yin gumi a cikin leda, ya yi laushi, wani lokacin har ya canza wari. Alkaki da nakiya mun bar su a garar amarya inda suka fi dacewa. Alkaki yana naso, kiyashi kuma ba ya barin sa.

Sai katin zama, inda muka fi daɗewa muna shawara. A hotunan bukukuwan Turai ana ganin kowace kujera da sunan mai ita. A nan hakan ba ya aiki sai a tebur ɗaya ko biyu. Mutane ba sa zuwa lokaci ɗaya, ba a sanin wanda zai zo tabbas, kuma babu yarinyar da za ta iya tunkarar dattijuwa ta ce mata "Hajiya, tashi, ba nan ne wurinki ba." Abin da ke aiki shi ne a ba tebur suna, ba kujera ba: Iyayen Amarya, Iyayen Ango, Dangin Uwa, Dangin Uba, Ƙawayen Amarya, Abokan Ango, Maƙwabta, Abokan Aiki. Manyan rukunai su samu tebur biyu ko uku a jere. Mun bar tebura huɗu a baya babu suna sai lamba, don waɗanda suka zo ba a lissafa da su ba.

Wannan jerin ba mai ado ke tsara shi ba. Mun zauna da babbar gwaggon amarya muka ce, "Gwaggo, su wa za a sa gaba, su wa kuma bai kamata a haɗa tebur ɗaya ba?" Ita ta san kishiyoyin da ba sa ga maciji, ta san surukan da ke jin nauyin cin abinci a gaban juna, ta san wanda in aka sa shi a baya za a shekara ana maganar. Haka aka yi da ɓangaren ango. Katin suna ɗaiɗai mun yi wa manyan baƙi kawai, kuma a nan laƙabi ya fi komai muhimmanci. Alhaji ne ko Malam, Hajiya ce ko Malama, Dakta ko Farfesa, mai sarauta ne, wace sarauta. A gari mai fadar Zazzau da Jami'ar Ahmadu Bello, da wuya a yi babban tebur babu mai rawani ko malamin jami'a. A rubuta jerin a kai wa mai gidan biki ya karanta da idonsa kafin a buga.

Kwalin da ya dace shi ne mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowane murabba'in mita, wanda shi ne ma'aunin kaurin takarda. Wanda bai kai haka ba yana durƙushewa da zarar fanka ta kaɗa. Katin tebur takardar A4 ce guda a ninke biyu ta tsaya kamar rumfa, a buga suna a fuska biyu don a gani daga kowane ɓangare. Na suna ɗaiɗai santimita 9 da 10 ne, a ninke ya koma 9 da 5, A4 ɗaya tana ba da shida. 'Yar takardar da ake ɗaurawa a jakar rabo santimita 5 da 7, ana samun 16 a takarda ɗaya, 330 sun ci takarda 21, muka sayi 25. Kafin a ninke kwali mai kauri sai an ja masa layi da biron da tawadarsa ta ƙare, a bi rula a danna sosai, sannan a ninke a kan layin. In aka ninke kai tsaye bayan yana tsagewa ya yi fari-fari, kuma a hunturu abin ya fi muni saboda kwalin ya bushe ƙamas. Yanka da reza da rular ƙarfe ake yi a kan katako, takarda biyu-biyu. Rular roba reza tana cin gefenta, layin ya karkace.

Wajen bugawa abubuwa biyu ne ke ɓata aiki. Na farko tawada. Firinta mai tawadar ruwa tana fitar da launi mai kyau, amma da zarar gumin kwalbar lemo mai sanyi ko ruwan leda ya taɓa katin, rubutun ya zube. Mai garin tawada da ake kira lesa ba ta yin haka, kuma yawancin ƙananan firintocin gida ba sa iya jan kwali mai giram 300, don haka shagon masu buga takardu muka kai. Na biyu haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu mai ado ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, sai a ga Ƙawayen Amarya ya fito da akwati a farkonsa, ko kwamfuta ta ɗauko harafin daga wani salo ya tsaya daban a tsakiyar kalma. A sa su buga gwaji ɗaya a karanta harafi-harafi kafin a ce su ci gaba. Rubutun ya zama babba, tsayin harafi ya kai santimita 3 a katin tebur, domin fitilun hol ba su da haske sosai kuma dattawa ne suka fi buƙatar karantawa.

Akwai abin da muke dagewa a kai ko da masu biki sun nema: ba ma buga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan katin tebur ko takardar jakar rabo. Bayan an tashi, waɗannan takardu a ƙasa suke ƙarewa, a taka su, a share su da sauran shara. "Mun gode da zuwanku" da sunan ango da amarya da kwanan wata sun wadatar.

Don kada iska ta kwashe katin tebur, mun sa kafinta ya yanka mana guntayen katako masu inci 3, ya tsaga kowanne da zarto a tsakiya zurfin rabin inci, aka soke katin a ciki. Tukurwa ta fi kyau a ido kuma ta fi sauƙin yanka, amma ba ta da nauyi, tare da katin take faɗuwa.

Adon tebur ƙwarya ce da ƙyallen atamfa a ƙarƙashinta. Turmi ɗaya in aka tsaga shi uku a tsawo, kowane tsagi aka raba biyu, yana ba da ƙyalle shida masu yadi 3 da faɗin inci 15. A teburin da faɗinsa ƙafa 6 ne, inci 18 zai sauko kowane gefe. Tebura 30 sun ci turmi biyar. A yi musu kalmasa, a goge, a naɗe su a jikin sanda maimakon a ninke, don kada a isa hol a fara neman dutsen guga.

Ƙwarya a zaɓi wadda ta ƙosa, mai kauri. A ƙwanƙwasa da yatsa, mai kyau tana amsawa da ƙarfi, mai tsaga a ɓoye kuwa muryarta a dushe take. A ɗaga ta a rana a duba ƙananan hudojin ƙwaro. Mun wanke su da yashi mai laushi, muka shanya a inuwa, domin ranar hunturu tana iya fasa jiƙaƙƙiyar ƙwarya. Bayan sun bushe aka bi bayansu da samfefa mai laushi don fenti ya kama. Fentin ruwa na masu zane muka shafa, wanda ke bushewa cikin kusan rabin awa. Fentin mai yana kwana bai bushe ba, kuma a watan Janairu duk ƙurar da ta shigo ta taga a jikinsa za ta zauna, ya fito da ƙurji-ƙurji. Ko da na ruwan, a ɗaki rufe muka yi aikin, aka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna. Rabin ƙoren ba mu shafa musu komai ba sai banish siriri, aka bar zanen wuta na masu sassaƙa ya fito, kuma a ganina su suka fi kyau. Ƙwarya ba ta zama daram a tebur sai da gammo. Mun naɗa ragowar atamfa muka yi ƙananan gammaye, kowace ta samu nata. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, don haka duk abin ci da za a sa a ciki a naɗe yake.

Furanni na ƙyalle muka yi. Ana yanka da'irori daga yadin satin, inci 3, inci 2 da rabi, da inci 2, a zagaya gefen kowanne kusa da harshen kyandir ba tare da ya taɓa ba, sai ya lanƙwashe kamar fure. A jera biyar a ɗinke tsakiya da dutsen ado ɗaya. Yadin roba kaɗai ke yin haka, na auduga kamawa yake yi da wuta. Takardar ado mai launi kuwa tana zuba da zarar ta jiƙe, ta ɓata farin mayafin tebur na haya, a biya tara. Kyandir mai wuta ba mu sa a tebur ko ɗaya ba. Hol cike da mayafai, leshi, manyan riguna da yara ba wurin buɗaɗɗiyar wuta ba ne. Ƙananan fitilu masu batir muka saka cikin ƙoren.

Bangon bayan kujerar ango da amarya da faya-fayai aka yi shi. Filawud biyu, kowanne ƙafa 8 da 4, aka haɗa suka ba da ƙafa 8 da 8, aka lulluɓe da yadi mai launin ƙasa. Kujera tana rufe ƙafa uku na ƙasa, don haka daga nan zuwa sama kawai aka jera, kusan faifai 50 manya da ƙanana, ana ɗora gefen wani a kan wani. Mun fara jera su a ƙasa, aka ɗauki hoto, sannan aka bi hoton wajen kafawa, manya tukuna, ƙanana su toshe giɓi. Da siririyar waya aka ɗaure kowanne, ta hudoji biyu da aka huda a katakon, aka murɗe ta baya. Bindigar gam ba ta riƙe saƙar faifai da kyau, tana buƙatar wutar lantarki da ba a da tabbas a kanta, kuma a bazara, watannin Maris da Afrilu, abin da aka liƙa da ita yana saki in ya daɗe a but ɗin mota. Gam mai kamawa nan take kuma kada a kusantar da shi ga auduga, zafi yake yi har ya ƙona yatsa, ya bar farin tabo. Kafin a sayi faifai mai rini a goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In launi ya fito, a sa shi can sama inda babbar rigar ango ba za ta goge shi ba. Bangon da kansa sai an yi masa ƙafafu biyu a baya an danne da buhun yashi, domin mutane suna jingina da shi wajen ɗaukar hoto.

Wanda bikinsa ya faɗo a damina, daga Yuni zuwa Satumba, matsalarsa ta juya. Kwali yana shan danshi ya lanƙwashe, faifai da ƙwarya suna yin fumfuna, cincin yana saurin laushi. A ajiye katuna a cikin leda a danne da littattafai masu nauyi, kada a ajiye komai a ƙasan siminti.

Rabon kansa yana iya rushe duk wahalar da aka sha. In aka tsaya a bakin ƙofa da buhu, cikin minti kaɗan an yi cincirindo, wasu sun karɓi uku, iyaye da ke zaune a gaba ba su samu ba. Mun ƙirga goma-goma muka zuba a leda 30, kowace da lambar teburinta, aka ba 'yan mata shida, kowacce tebura biyar, aka raba lokacin da ake cin abinci kowa yana zaune. Ragowar 30 suna hannun mutum ɗaya a mota. Daga cikinsu aka sallami waɗanda suka zo a makare, aka kuma ware na tsofaffin da ba sa zuwa hol, aka aika musu gida washegari.

Ƙore, faya-fayai, guntayen katako da fitilu kayan da za a sake amfani da su ne, amma baƙi suna ɗauka cewa na rabo ne. Mun rubuta lambar tebur a gindin kowace ƙwarya, kuma waɗannan 'yan matan shida su suka tattara na teburansu tun ana addu'ar tashi. A cire batir daga fitilun kafin a ajiye, a kife ƙoren ɗaya cikin ɗaya da takarda a tsakaninsu don kada fenti ya manne, faya-fayai kuma a zura su a igiya a rataye nesa da bango saboda gara.